Wasiƙar da Ka Dawo da Ita

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya fama da injinan maɗaba'a? Mu dai lafiya lau, ni da 'yarka. Na rubuto ne tunda waya ba ka ɗauka, wai ƙarar inji ba ta barinka ka ji. To, ido dai inji bai toshe shi ba.

Malaminsu ya aiko wai 'yarka tana cakuɗa kalmomin da kunne ke ji kamar ɗaya: "ta ce" da "tace", "ta fi" da "tafi", ga kuma kura da ƙura. Maganinsa shi ne ta kwafi kowacce sau hamsin. Sau hamsin fa, 'yar shekara bakwai! Ta kwafa tana hamma, washegari ta maimaita kuskuren jiya. Wannan ne malamin da ka ce kada in sa masa baki don ni a aji shida na tsaya.

Sai na ɗauko allin yankan yadi, muka koma kan teburin shagona. Na koya mata: in mace ce ta yi magana, ta sa ɗan yatsa tsakanin "ta" da "ce" ta bar fili. In aikin rariya ne, a haɗe suke. Haruffa masu ƙugiya kuwa, ta dafa maƙogwaro ta ji inda suke fitowa. Har masu kawo ɗinki sun fara yi mata tambaya.

Na ce mata idan ta iya, za ta rubuta wa babanta wasiƙa da hannunta. Tun rasuwar uwarta ban ga ta yi rawar jiki a kan wani abu haka ba. Ga wasiƙar nan na haɗo, shafi huɗu, kwana biyar ta yi a kanta. Ka ba ta amsa.

Taka,
Yaya.

Zuwa ga babban mai gyaran rubutu,

Ina gaisuwa don Inna ta koya mana gaisuwa, ba don ka cancanta ba. Da fatan kana lafiya, kai da jan bironka.

Direba ya kawo ambulan ɗinka. Yarinyar nan ko takalmi babu ta tare shi a bakin titi. Ta buɗe a gaban mutane, sai ga wasiƙarta ta dawo jawur, kamar an yanka kaza a kanta. Kuskure talatin da ɗaya, ka ƙirga, ka rubuta a sama, ka zagaye. A ƙasa kuma layi ɗaya tal: "A gyara a sake aikowa." Amsar uba ke nan!

Wai ka ma karanta abin da ta ce? Ta gaya maka haƙoranta biyu sun fita. Ta gaya maka ta iya sa zare a allura. Ta tambaya ko kana da hoton uwarta, don ta fara manta fuskarta. A kan wannan layin ka zauna, ka gyara tabarau, ka ƙara wa harafi ƙugiya. Tir da ilimi irin wannan.

Ni na goye ka, ni na riƙe hannunka ka rubuta baƙin farko. Har aji uku kana juya "b" tana zama "d", Inna tana dariya tana cewa a bar auta zai iya. Yau kai ne gwani, wanda ba ya iya ganin takarda sai ya zane ta.

'Yarka ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Ninke takardar ta yi ta sa a aljihu, ta ce in miƙo mata alli.

Yayarka.

Ƙanena,

Gaisuwa. Muna lafiya.

Albishirinka, burinka ya cika. Malam ya yi musu shifta, yana faɗa suna rubutawa, 'yarka ta ci ashirin bisa ashirin. Har ya ce kwafin da ya ba ta ne ya yi aiki. Na bar shi da bakinsa.

Na ce ta rubuta ta sanar da kai. Ga abin da ta ba ni, na haɗo: "Baba, ina gaisuwa. Ina lafiya. Na gode." Ka juya ta gaba da baya, ka kira abokan aikinka su taya ka, ba za ku sami abin gyarawa ba. Duk kalmar da take shakka sai ta bar ta, yarinyar da in ta fara zance sai an roƙe ta ta yi shiru.

Shekaranjiya ina neman maɓalli a tsohon gwangwani sai na ga takardu a ninke, guda bakwai. Duk da "Baba" suka fara. A ciki akwai zazzaɓin da ta yi, da yarinyar da ke tsokanarta da giɓi, da ranar da ta ga wani mai irin tafiyarka ta bi shi har kwanar titi. Da ta gan su a hannuna sai ta riƙe min zani, ta ce don Allah kada in aiko, sai ta girma ta gama iyawa.

Na yi mata alkawari, kuma ba zan aiko ba. Akwai kuskure a kusan kowane layi, amma ni mai aji shida na karanta na gane komai. In kana son karantawa, mota tana tashi kullum da safe.

Gwaggon 'yarka.