Kwalaben Da Na Wanke Wa Ƙawata

Assalamu alaikum Anti, da masu karatu. A ɓoye sunana don Allah, kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku zage ni, ni ma zagin kaina nake.

Ina digiri na biyu a fannin sinadarai a jami'a a Samaru. Lab ɗaya, wato ɗakin gwaje-gwaje, muke da wata ƙawata, zan kira ta Rifkatu. Daga Sabon Gari take zuwa kullum da goyonta. Aikinta shi ne ta zuba folima, wani sinadari dangin roba, da sinadarin da ke sa sabulu kumfa cikin ruwa, su rabu hawa biyu kamar mai a kan miya, ta auna ƙarfin iyakar da ke tsakaninsu. Ɗigon wani sabulu daban ya isa ya ɓata awon.

Ranar da ɗanta ya yi zazzaɓi ta ce min, "Ƙawata, taimaka ki wanke min kwalaben nan, ki ɗauraye da tataccen ruwan lab sosai." Na ce ta tafi kawai. Abin wankin lab ya ƙare, ni kuma ina saurin zuwa biki a unguwar Palladan, sai na zuba garin sabulun da na sayo a kasuwa, na ɗauraye sama-sama da ruwan famfo.

Da ta yi awo da su, ƙarfin ya faɗi ƙasa fiye da yadda aka saba gani. Farfesanmu ya cire tabarau ya ce, "Rifkatu, kin gano sabon abu!" Ta rungume ni tana kuka. Har godiya ta yi a gaban jama'a a cocinsu. Ni fa? Murmushi na yi. Wace irin ƙawa ce ni?

Na kasa zama na kasa tsayuwa, sai na maimaita awon a ɓoye da kwalabe masu tsabta. Babu wani sabon abu, Anti. Sabuluna ne.

Mako mai zuwa za ta kare aikin a gaban malamin da zai zo daga waje. In ya ce ta maimaita, maƙaryaciya za a kira ta. In na yi magana, karatunta ya koma baya, Farfesa ya ji kunya, ni kuma da wane ido zan kalle ta? Jiya ta nuna min shafin godiya na kundin bincikenta, sunana na gaba da na mijinta.

Ku gaya min tsakani da Allah, ni yanzu me zan yi?