Sunana a Bakin Kalangu

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya damina? Mu nan Bowie ta Amurka sai godiya.

Tun da na fita takaba ban je ko'ina ba sai ranar Asabar. Baƙaƙen fatar nan suka yi bikin tuna ranar da aka 'yanta kakanninsu daga bauta, ana waƙa ana rawa a filin unguwa. Kin san duk shekara Baban Ummi yakan kaɗa musu kalangu. Abin da ba ki sani ba, a tsakiyar kiɗan yakan saka takena, "Dije, Dije, 'yar Inna," ni kuma in rangaɗa guɗa. Ba mai ganewa sai mu biyu.

Bana maƙwabcinmu Mista Wolta, dattijon da ya koyi kiɗa a hannun Baban Ummi, shi ya ari kalangun ya hau dandamali. Yaya, sai na ji sunana. Ashe ya haddace har da shi, a zatonsa cikin kiɗan yake. Na waiga ina neman mai kirana, na buɗe baki, guɗar ta ƙi fita. A nan na san Baban Ummi ya tafi da gaske.

Da aka tashi Mista Wolta ya ce, "Na yi daidai?" Na ce ya yi. Na koma gida ni kaɗai.

Ki gaida Inna da kowa, ku sa mu a addu'a, ni da marigayi. Mista Wolta yana so ya sake kaɗawa baɗi. Har yanzu ban faɗa masa abin da kalangun yake cewa ba, ban kuma karɓo shi ba.

Ƙanwarki,
Dije