Allurar Baba a Cikin Randa

Daren Laraba, Galtimari

Firij ɗinmu mai aiki da wutar sola ya sake mutuwa da azahar, ga allurar ciwon sukarin Baba a ciki. Baba ya ce, "Falmata, rana kamar wuta, sola kuma ta kasa?"

Na ce zafin ne ma ke rage mata ƙarfi. Na kwashe labarin bincikena a jami'a na ba shi: haske na zaburar da ilektron, wato ƙwayar lantarki, amma kafin ƙiftawar ido rarar ƙarfin ta zama zafi. Shi ya sa muke yayyafa ƙananan ƙwayoyin zinare a kan silikon ɗin da ake yin faifan sola da shi, mu cafke rarar da wuri.

Ya ce, "To yaushe binciken naki zai iso rufinmu?"

Na ƙulle allurar a leda, na jefa cikin ruwan randa mai sanyi.