Tayina zai faɗa Yaya yana sahun Juma'a

Anti, ki gafarce ni da zan ɗora miki damuwata, na san masu kuka a wurinki da yawa. Ki taimake ni.

Wani dillali a Perth ya sa ƙaramin kwale-kwalen katako na ado a gwanjon intanet. Marigayi Babanmu ne ya sassaƙa shi a tsibirin Kokos kafin mu dawo Katanning, na gane tabon wuƙarsa a gindin jirgin. Mahaifiyarmu tana hannuna, ta fara rikicewa, amma kullum sai ta tambayi jirgin nan.

Maƙwabciyata ta nuna mini manhajar da ke jefa wa mutum tayi dab da rufewa, yadda ba mai samun damar ƙarawa. Na saita ta, na yi shiru. Shekaranjiya muna cin shinkafa da kifi, sai yayana Darus ya ce ai shi ne kan gaba a tayin, falonsa zai kai shi. Ya ce, "Ɓarayin ƙarshen lokacin nan, duk wanda ya fizge mini kayan ubana ban yafe ba har gaban Allah." Ya dube ni. "Ke kuma Malama, ci mana, ko azumi kike?" Na ajiye cokalin.

Za a rufe gwanjon ana tsakiyar sallar Juma'a. Yana sahu, wayarsa a kashe, na'ura za ta kayar da shi da sunana. A makarantar allo an hana mu ciniki a kan cinikin ɗan'uwa. Darus kuwa har yau ba ya gaisawa da ƙanenmu a kan abin da bai kai wannan ba. In na kashe manhajar, wani baƙo zai iya yi mana haka, mu rasa duka. Don Allah ki amsa kafin Juma'a.

Mai Fargaba, Katanning

Mai Fargaba, malamai sun bambanta gwanjo da cinikin da aka riga aka daidaita, limaminku zai ƙara miki bayani. Ɓoyon ne ya tsaya miki a wuya. Tsoron baƙon gaskiya ne, tayin Darus a fili yake, kuma mahaifiyarku ta fi falo haƙƙi. Amma shi ma ubansa ne.

Kada ki kashe manhajar. Ki je gidansa yau da wayar a hannu, ki nuna masa, ku zama mai tayi ɗaya. Jirgin ya zauna wurin tsohuwa, daga baya ya koma wurinsa. Zai yi faɗa, ki daure. In kika yi shiru, ranar da ya shigo gaishe ta zai tarar da jirgin a gefen gadonta, ba kuma abin da za ki ce.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya ba ku jirgin tare.