Ƙorafi Kan Hatimin da Aka Buga a Rahoton Batura

Zuwa ga:
Yallaɓai Hideaki Nonomura,
Shugaban Sashen Bincike,
Tashar Nukiliya ta Kuronagi.

Daga:
Tsuneo Yabuki,
Mai Kula da Ɗakin Batura.

4 ga Nuwamba, 2019

Game da: rahoton gwajin baturan ko-ta-kwana na Rukuni na Biyu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, shekara ashirin da shida nake aiki a nan ban taɓa kai ƙarar kowa ba. Yau dai tura ta kai bango.

1. Kamar yadda Yallaɓai ya sani, in wuta ta ɗauke kuma janareto suka ƙi tashi, waɗannan batura ne kaɗai ke riƙe allunan lura da makullan ruwan sanyaya tukunyar nukiliya. Ƙa'ida ta ce su yi awa takwas. A gwajin 21 ga Oktoba, da suka yi awa biyar da minti arba'in suka durƙushe, ina tsaye.

2. Na rubuta abin da na gani. Shugabana, Yallaɓai Kuramochi, ya ce ma'aunina ne ya tsufa kamar mai shi, in gyara rahoton. Na nemi a sake gwaji, ya ce: "Yabuki, saura maka wata biyar ka yi ritaya, me ya yi zafi?"

3. Ranar 28 ga Oktoba, ina asibiti wajen matata, aka miƙa rahoto mai cewa awa takwas cif, da hatimina a ƙasa. Na san in ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin a aljihun tebur nake barin hatimin kamar kowa. Amma ina roƙon a duba takardar da kyau. Mu ƙananan ma'aikata a karkace muke buga hatimi, ya rusuna wa na manya, kuma haka nawa yake a duk takardun da ke ma'ajiya. Wannan kuwa a miƙe yake ƙyam. Wanda ya buga shi ya daɗe bai rusuna wa kowa ba.

4. Sau uku ina kai maganar ofishin ma'aikata. Shayi suka ba ni, suka ce a kiyaye zaman lafiya. Wallahi abin ya ci mini rai.

Ranar 18 ga wannan wata za a kunna rukunin bisa wannan takarda. Makarantar jikokina kilomita huɗu ce daga katangar tasha.

Saboda haka ina roƙon a janye rahoton, a dakatar da kunnawa, a sake gwajin a gaban Yallaɓai. Ya zo da agogonsa, ni zan kawo kujeru biyu. Kada ya damu da abincin rana, ba za mu kai awa shida ba.

A huta lafiya, tare da ladabi da biyayya.

Naka mai biyayya,
Tsuneo Yabuki