Sa Hannun Ghali da Gonar Bakin Kogi

Juma'a, 5 ga Yuni, 2020

Zuwa ga shugabannina masu girma, Mudir, wato manajan kamfaninmu na tsaro, da Sufabaiza da ke ƙarƙashinsa, gaisuwa da ban girma. Na san ba kwa jin Hausa, kuma ba za ku ga littafin nan ba, amma bai dace mutum ya fara rubutu bai gaida na gaba da shi ba.

Ni ne Ghali, mai gadi, mazaunin masaukin ma'aikata a unguwar Mesaimeer, nan Doha. A wannan kulle na annoba, abokin ɗakina Aruna, mutumin zangon Kumasi, ya koya mini boko. Yau na sa hannu a takardar albashi da alƙalami. A gidanmu babu wanda ya taɓa yin haka, tun daga kakana.

Matata Rahmatu ta haihu, mace. Na raɗa mata Ummukulthum ta waya.

Juma'a, 13 ga Mayu, 2022

Na daɗe ban rubuta ba. Kwantiragina zai ƙare a Disamba, bayan gasar ƙwallon duniya da za a yi a nan. Idan shinkafar gonarmu ta bakin kogi ta yi kyau bana, ba zan sabunta ba. Zan koma gida in ga 'yata, wadda ban taɓa ɗauka ba.

Ƙanena Dikko ne ke kula da gonar. Ya ce lokacin sabunta inshorar gwamnati ya yi, wadda ƙungiyar manoma ke yi mana saboda ambaliya. Na tuna yadda marigayi Baba ya yi ta zarya a ofishinsu wata shekara, kafin a ba shi abin da bai kai ya kawo ba. Dikko ya ce wani kamfani mai zaman kansa ya zo garinmu, su ba sa jan rai. Na yi nazari irin na mai ilimi. Na umarce shi ya cire sunana daga ta gwamnati.

Rahmatu ta karɓi wayar: "Malam, da ka bari sabuwar ta tabbata tukuna." Na bayyana mata cewa ba a biyan inshora biyu a gona ɗaya. Ta ce to.

Laraba, 1 ga Yuni

An cire sunana.

Juma'a, 10 ga Yuni

Mutanen kamfani sun ce inshorarsu ba ta fara aiki sai takardar yarjejeniya ta shiga hannunsu, ta ainihi, ba hoto ba. Ko mai gona ya sa hannu, ko wakilinsa ya dangwala yatsa.

Dikko ya ce, "Yaya, ga ni a ofishin, ga tawada. In dangwala mu wuce wurin?"

Na ce a'a. Gonar da sunana take, kuma mai sunan ya iya rubutu. Ba za a buɗe fayil ɗina a ga yatsa ba.

Na je wani shago a unguwar Bin Mahmud aka buga mini takardar. Na sa hannu, ya fito da kyau ƙwarai. Aruna ya ce, "Massa, kai shi wurin masu aika saƙo, yalla, maza, sati ɗaya ya isa." Ban yarda ba. Takarda mai daraja ba a ba baƙo. A wurinmu saƙo hannun wanda aka sani yake bi, a haɗa da dabino da turare, ya kai har zaure a gaisa. Tukur, direban bas ɗinmu ɗan Gumel, kusa da garinmu, zai tafi hutu ƙarshen wata. Na damƙa masa, haɗe da dabino.

Juma'a, 1 ga Yuli

An ɗage hutun Tukur. Ana horar da ma'aikata saboda ƙwallon duniya.

Juma'a, 22 ga Yuli

An sake ɗagewa. Aruna ya ce, "Takarda nan zai yi gemu a akwati, Massa Farfesa." 

Na yi tunanin in karɓo ta daga Tukur, amma karɓe amana daga hannun mutum tamkar ce masa ne ba ka yarda da shi ba. Kuma in koma in ce wa Dikko ya dangwala, bayan abin da na faɗa?

Dikko ya turo hoton gonar, kore shar. Ya ce kogi ya ɗan hau.

Juma'a, 19 ga Agusta

Sufabaiza ya tara mu a rana: babu hutu ga kowa sai an gama ƙwallo, khalas, magana ta ƙare. Tukur ya kasa kallona.

Rahmatu ta ce ruwan sama bai ɗauke ba tun Talata. Na ce gobe zan kai takardar wurin masu aika saƙo. Ashe gobe ina diyuti a bakin aiki. Jibi ma.

Litinin, 12 ga Satumba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Laraba, 14 ga Satumba

Kogi ya fasa ya shiga fadama gaba ɗaya. Dikko ya je da kwalekwale, ya ce da bishiyar giginya kawai ya gane inda gonarmu take. Shinkafar ta riga ta fara fitar da kai. Gida bai faɗi ba, ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi.

A nan kuwa ko ɗigo. Ina tsaye a ƙofar wani gini a unguwar Al Wukair, zufa na zuba cikin takalmina, ina kallon ruwan garinmu a waya.

Asabar, 1 ga Oktoba

Kamfani ya ce ba su san ni ba, babu takardata a wurinsu. Na ce tana nan, da sa hannuna, da kwanan wata na Yuni, kowa na iya karantawa. Mutumin ya ce, "Tana ina, ranka ya daɗe?" Na ce tana Doha.

A ƙungiya kuma an nuna wa Dikko inda aka soke sunana. Ana rubuta sunayen maƙwabtanmu, har da waɗanda ba su san alif ba. Ko za a biya su, ko yaushe, Allah masani. Amma su suna da abin jira.

Tukur ya kawo mini ambulan da dabinon, yana ta ba da haƙuri. Ba laifinsa ba ne. Dabinon ya bushe.

Rahmatu ba ta ce mini komai a kai ba. Da ta faɗa, da na samu abin amsawa.

Lahadi, 20 ga Nuwamba

An buɗe ƙwallo. Duniya duk ta zo, ana ta kiɗa. Aikina in nuna wa mutane hanyar jirgin ƙasa na metiro. Ghana na cikin gasar, Aruna ya rataya tuta a gadonsa yana tsokanata. Ban iya dariya ba.

Dikko ya sayar da tunkiyar Rahmatu aka sayi gero.

Juma'a, 23 ga Disamba

Baƙi sun watse, ana kwance tutoci. Jiya na sabunta kwantiragi, shekara biyu. Babu abin da zan koma in tarar, sai bakunan da ke jiran albashina.

Bayan sallar Juma'a na kira gida, na sa wayar a fili domin a ji. Na bayyana cewa daga yau lamarin gona, da iri, da inshora kowace iri ce, yana hannun Rahmatu, kuma abin da ta yanke ya yanku ba sai an jira ni ba. Wannan tsari ne kawai, saboda ta fi ni kusa da kogin.

Ta ce, "To, Malam. Na riga na yi magana da ƙungiya kan noman rani." Ban san ta yi ba. Na ce madalla.

Waɗanda suka shaida: Aruna na Kumasi da Tukur na Gumel, a nan ɗaki. Dikko ƙanena, a can gida. Sai Ummukulthum, wadda ba ta kai shaida ba amma tana wurin. Uwarta ta ɗaga ta saitin waya ta ce, "Gaida Baba." Ta juya ta gaida Dikko.