Ciyawar da ke Cin Sauro

Angwan Iya, Keffi

Zuwa ga maigidana Manasseh,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya fama da cunkoson Mararraba? Ina fata ciwon bayan nan ya yi sauƙi.

Ina rubuta maka wannan ne Mama, mahaifiyarka, na tsaye bakin taga, tana lissafa mini matan da suka yi boko amma ba su haukace ba. Ba ta daɗe ba ta gama.

Ka tuna irin nan mai kama da garin barkono, wanda ka ce an cuce ni da na saye shi? To, ya tsiro. Ganyen bai kai farce ba, da jan gashi mai ɗigon raɓa a kai. Ƙwaro na sauka sai ya manne, ganyen ya naɗe shi a hankali. A wankakken yashi da gansakuka na shuka shi, ruwan sama kaɗai yake sha, domin taki da ruwan burtsatse kashe shi suke yi. Tun da na gama digirin ilimin tsirrai ban raya komai da hannuna ba sai wannan.

Ranar Asabar Baba, mahaifinka, ya zo daga Agwada, ya ga tsirran, tausayi ya kama shi. Wai bai taɓa ganin an bar shuka da yunwa haka ba. Ina kasuwa ya zuba musu kashin awaki, mai kyau kuwa, na gonarsa. Rabinsu suka ƙone. Na durƙusa na yi masa godiya. Shi ban riƙe shi a zuciya ba.

Matarka,
Priskila

Zuwa ga Manasseh,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan, waɗanda suka rage a cikinmu.

Mama ta ga ganye ya kama sauro da idonta. Washegari sai ga Zumuntar Mata a tsakar gida, da ankonsu da tulun kiɗa. Shugabarsu, Mama Paulina, ta yi bayani cewa sauro ya sha jininmu, ciyawa ta cinye sauro, to jinin wa take sha? Gaskiya ko a jami'a ban ji hujja mai tsari haka ba. Suka yi addu'a a kan ruwan gishiri, suka yayyafa wa kowace robar shukar. Waƙar ta yi daɗi. Kafin yamma duk sun yi baƙi, sai uku da na ɓoye a bayan randa.

Na yi kuka, ban ɓoye maka ba. Amma ba a gabansu ba.

Na ga saƙonka. Ka ce ciyawa ce kawai, ta bar gidan a zauna lafiya. Ba ka tambayi nawa suka tsira ba. Da Mama ce ta faɗa, da na yi dariya. Ita tsoro take ji. Kai kuwa ka san mece ce, don da bakina na yi maka bayani.

Na bi umarninka, ciyawar za ta bar gidan. Sai dai ba ta da ƙafa, dole wani ya ɗauke ta. Ƙawata Vera ta ba ni ɗaki a Panda, makarantarsu na neman malamar kimiyya, kuma rufin ɗakin na da indararo mai kyau.

In ka tashi zuwa, ƙofata a buɗe take. Kada ka zo da taki, kada ka zo da gishiri.

Mai keke na ta danna hon. Makulli yana ƙarƙashin turmi. Bari in ja ƙofar da ƙafa, hannuna duka biyu na riƙe da daron tsirran nan uku.

Ka gai da abokan aiki. Allah ya tsare.

Priskila